Tsohuwar katifa ta tare min ɗaki, mi zan yi da ita?

Maman Hamsatu:
Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nike so. Satin nan muka canza katifa, tsohuwar tun ta aurena ce 2013, soso ce ta mutum biyu amma tsakiyarta ta lotsa kamar ƙwarya, duk gefen da ka kwanta sai ka gangaro cikin ramin, ga fitsarin yara uku da ta sha. Akwai kuma zannuwan gado huɗu da bargo guda. Maigida ya ce a fidda ta bayan gida a cinna mata wuta a huta, uwar mijina ta ce wa ya taɓa ƙona abin kwanciya alhali ga almajirai na kwana bisa kwali. Ni abin da ke damuna, bara mun ga gazunzumi (kuɗin cizo) cikinta. Muna unguwar Bukoki, nan Yamai.

Ɗan Adar:
Wa alaikumus salam Hajiya. Wuta dai kar ku fara. Soso ba kara ba ne, hayaƙinshi baƙi ƙirin kuma guba ne, wani maƙwabcinmu ya taɓa yi da magariba, unguwa duk ta kama tari har aka kai tsohuwa guda likita. Kuma kar a ba yaro ya jefa cikin kanibo, wato magudanar ruwa, damina na zuwa shi ne zai toshe hanyar ruwa ya maido muku shi tsakar gida. Ke da kike Bukoki ai kasuwar Katako na bakin ƙofarki, ki sa a ɗora ta a amalanke a kai wa masu gyaran kujeru, gefe-gefen da bai mutu ba suna yankawa su cusa a kushin ko sirdin moto. Kuɗɗin ba wani abu ba ne, ko jika guda (sefa 1000) suka ba ki ki amsa.

Inna Rabi:
Ɗiyata surukarki ta yi gaskiya amma rabi. In da gazunzumi kika ba almajirai haka nan to bala'i kika kai musu, yara na kwana jiki da jiki, kafin wata guda makarantar duk ta ɗauka har allunansu. Ƙwaron nan zafi ne maganinshi, mu kuwa Yamai rana ba ta yi mana rowa ba. Ki farke rigar katifar ki yar, a can cikin ɗinki suke ƙwai. Soson ki wanke da omo, ya bushe sarai, ki naɗe shi da baƙar leda ki shimfiɗa bisa siminti kwana uku kina juyawa, watan Afrilu ɗin nan da zafi ke wuce digiri 40 cikin ledar wuta ce. Zannuwa da bargo ruwan zafi mai tafasa. Ni tawa da ta mutu biyu na raba ta, na ɗinka musu riga da tsohon zanen gado, yanzu jikokina ke kwana bisa in mun fito waje da dare.

Malam Sani:
A duba Baƙara aya ta 267, an hana mutum ya zaɓi marar kyau ya bayar wanda shi kanshi ba zai amsa ba sai ya runtse ido. Zannuwan in masu kyau ne a kai wa masu jinya da ke kwana a harabar likita, ko waɗanda ruwa ya ci gidajensu, mun ga yadda aka yi unguwannin Harobanda da Saga a 2020, mutane sun fito ko tabarma babu.

Maman Hamsatu:
Na gode ƙwarai Allah ya saka. Inna na farke rigar yanzu, wallahi abin da na gani bakin zif ɗin sai da tsikar jikina ta tashi. Tsakiyar kam ta zama gari, gefe biyun ne ke da rai. Ledar ita ce irin wadda ake rufe buhunan siminti ko ko wace iri?

Inna Rabi:
Ita fa, mai kauri, baƙa. Ki ɗaure bakin da kyau kar su samu wurin gudu.