Cigiya: sunan Hausa na "bulb" ɗin furanni, kafin Alhamis

Malamar Lambu: Salamu alaikum jama'a. Ina da shirin rediyo ranar Alhamis kan renon furanni a tukunya, kuma kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: abin da Bature ke kira "bulb", wato dunƙulen nan da ake binnewa fure ya fito daga cikinsa. Na'urar fassara ta ce mini "ƙwan fitila". Da na karanta wa mai haɗa mana sauti cewa a binne ƙwan fitila tsininsa na kallon sama, a ba shi ruwa kaɗan, sai da ya sauko daga kujera don dariya. Gobe da azahar zan miƙa takarda.

Ɗan Gobarau: Albasar fure. An gama. Ki yanka shi ki gani, ɓawo kan ɓawo ne kamar albasa.

Uwar Biyu: Dankalin fure fa, Anti?

Ɗan Gobarau: A'a Hajiya, dankali cunkus yake, ba ɓawo a ciki. Dankali ya fi kama da gindin furen rumana, ita ce in ka yanka ka tarar da tsoka ɗaya.

Tsohon Hedimasta: Ku yi haƙuri in sa baki. Albasa ba Hausa ba ce, aro ce daga Larabci. Mu tsaya mu dubi aikin da abin yake yi. Ganye ya dafa abinci da hasken rana, ya tura ƙasa, dunƙulen ya adana shi har rani ya wuce, ruwan farko na sauka ya buɗe ajiya. Mene ne wannan in ba rumbu ba? RUMBUN FURE. Tun ina koyar da darasin noma nake amfani da shi, yara kuma suna ganewa. Duk wanda ya ji rumbu ba zai datse ganye da zarar fure ya faɗi ba, zai bari sai ya yi rawaya da kansa, don ya san ana cikin ɗura hatsi.

Malamar Lambu: Baba, bayanin ya yi daɗi wallahi, zan ɗauke shi. Amma in na ce "ku sayi rumbu uku ku binne a kasko" manoma za su kashe rediyo.

Tsohon Hedimasta: Haka aka yi wa "jirgin sama" dariya da farko, na tabbata.

Ɗan Gobarau: Allah gafarta Malam, in za mu kori albasa sai mu haɗa da littafi da alƙalami da ita kanta Alhamis ɗin da ake shirin.

Jikan Kusugu: Duk kun bar gida kun tafi dawa. Muna da gaɗali, muna da albasar kwaɗi, waɗanda ke ɓullowa a fadama da farkon damina da farin fure mai jan zane. Kakata a nan Daura tana da su bayan randa, cikin fasasshen tulu. Bahaushe ya san wannan tsiro tun kafin Bature ya zo da kwalinsa. A ce gaɗali kawai.

Uwar Biyu: Gaɗali a rediyo? Yaya, layukan waya za su cushe, kuma ba mai tambayar taki. Duk maganar mallaka da farin jini za a yi.

Jikan Kusugu: To laifin kalmar ne? Kuma tunda ana gyara, mu "hure" muke cewa. Wannan "fure" ɗin Kananci ne aka ɗora mana a littafi.

Ɗan Gobarau: Mu ma a Katsina hure ne a baki, amma a takarda fure. Kada ka jawo mana Bayajidda cikin maganar tukunya.

Jikan Kusugu: Tushen Hausa dai Daura, ko an so ko an ƙi.

Ɗan Gobarau: Tushe naku, karatu namu. Ka tambayi inda aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922.

Uwar Biyu: Ni dai a kasuwa "fulawa" nake cewa a gane. Sau ɗaya ne yaro ya dawo mini da mudun garin fanke.

Tsohon Hedimasta: Kun gani? Da rumbun fure ne da ba a yi haka ba.

Mai Gandun Shuke-shuke: Ni da nake sayar da su, masu saye "albasar nan" suke cewa, ba wanda ya koya musu. Malama, ko wane suna kika zaɓa ki faɗa musu abu uku. Tukunya ta zama mai huda, a gauraya ƙasa da yashi, don ruwa in ya kwanta ruɓewa suke kamar albasar miya. Zurfin rami ninki biyu zuwa uku na tsayin dunƙulen, ban da amarilis, shi ana barin kashi ɗaya cikin uku a waje, kuma cikin mako 6 zuwa 8 yake fure. Sannan kada kowa ya ɓata kuɗinsa kan tulif na Holan. Sai ya sha sanyi wajen mako 12 ko fiye kafin ya yi fure, hunturunmu bai isa ba. Na taɓa sa goma a firji, wuta ta ɗauke kwana huɗu, ganye kawai na samu.

Ɗan Gobarau: Shi tulif ma sunansa daga kalmar rawani ya samo asali a Turkanci. Furen rawani ke nan, kyauta na ba ki.

Malamar Lambu: Na karɓa. To ga abin da na rubuta: albasar fure, kuma a farkon shiri zan ce ita ce rumbun da tsiron ke ajiye abincinsa, in kawo gaɗali a matsayin misalin gida. Zan ƙara gargaɗi cewa ba a ci, da yawansu guba ne, a nisanta su da madafa da yara.

Tsohon Hedimasta: Wannan gargaɗin shi ne hujjata. Sunan da sai an bi shi da "ba a ci" bai cika suna ba. Amma shirinki ne, 'yata. Ki dai ambaci rumbu sau biyu.

Jikan Kusugu: Zan saurara in ji ko hure za ki ce.

Uwar Biyu: Mai Gandu, akuyata ta cinye ganyen amarilis ɗina jiya da yamma. In damu da akuyar ko da furen?