Neman shawara: binciken albashi da rayuwar ma'aikata a matsayin aikin jami'a

Ɗaliba daga Fagge:
Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwa. Na kammala digiri na biyu a fannin nazarin zamantakewa, kuma ina da niyyar yin digirin digirgir a kan albashi da tazarar da ke tsakanin masu hali da marasa shi. An mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, amma yaran shago da 'yan dakon da nake gani kullum a Kantin Kwari ba su ga ko kwabo daga ƙarin ba. Mahaifina yana ganin gara in nemi aiki a ƙungiyar agaji, domin a cewarsa koyarwa a jami'a ba ta riƙe gida. Mene ne shawararku?

Tsohon Malami:
Wa'alaikumus salam, 'yata. Kin riga kin samo batunki a kasuwa. Dokar mafi ƙarancin albashi ta 2019 ta cire duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, haka kuma waɗanda ake biya gwargwadon aikin da suka yi, saboda haka tun asali ba a rubuta ta da yaran shagon nan a zuciya ba. Ki duba kuma yadda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sauya ma'auni a 2023, ta ɗauki wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako a matsayin mai aiki, sai rashin aikin yi ya sauko daga kashi 33.3 na ƙarshen 2020 zuwa kashi 4.1. Ita dai hukumar ce ta bayyana a 2022 cewa mutum miliyan 133 na cikin talauci ta fuskoki da dama. Yadda mutum zai wuni yana aiki ya kwana da yunwa, nan ne bincikenki. Amma ki daure ki ƙware a lissafin ƙididdiga, domin wanda bai iya karanta alƙaluma ba, abin da aka ba shi kawai zai haɗiye.

Malama daga Kaduna:
Ƙanwata, ina goyon bayan Malam, sai dai alƙaluma kaɗai ba za su kai ki ba. Na yi watanni ina hira da tsofaffin ma'aikatan masaƙa a Kakuri. Wani dattijo bai ce mini komai ba a zuwana biyu na farko, saboda ya ga takardar tambayoyi a hannuna. A karo na uku da na ajiye ta, sai ya shiga ɗaki ya fito da katin aikinsa da takardar sallama a naɗe cikin leda, ya ce yana ajiye da su ne don ranar da za a biya shi haƙƙinsa. Ki kuma kula da matan cikin gida: idan kika tambayi maigida, zai ce matarsa ba ta aiki, alhali ƙuli-ƙulinta ne ke biyan kuɗin Islamiyya.

Malami a wata jami'ar tarayya:
Maganar mahaifinki ba ta faɗi ƙasa ba. A yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022 mun yi wata takwas a gida, kuma an riƙe albashi. Tallafin karatu na TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, na waɗanda suka riga suka zama malamai ne a makarantun gwamnati, don haka ki fara neman gurbin koyarwa. Ki riƙa bibiyar sanarwar CODESRIA, cibiyar binciken zamantakewa ta Afirka da ke Dakar, wadda ke horar da matasan masu bincike. Aikin ƙungiyoyi yana kawo kuɗi, amma su ne za su zaɓar miki tambayar da za ki bincika.

Ɗaliba daga Fagge:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Malama, don Allah ta yaya kika samu amincewar magidanta kafin ki shiga wurin matan?