Neman shawara: an ce sai mun nuna lasisin kayan aikinmu kafin a ba mu kwangila

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Mu huɗu ne a ɗan ofishinmu a Kaduna, muna rubuta wa makarantu da shaguna manhaja da yaren kwamfuta na C#, ɗayanmu kuma yaren Java yake yi. Wani kamfani zai ba mu aiki, amma ya ce sai ya ga lasisin kayan da muke aiki da su. Visual Studio Professional da IntelliJ ɗin da ke kwamfutocinmu, wato manhajojin da muke rubuta C# da Java a cikinsu, fasassu ne marasa lasisi, a filashi aka zuba mana. Na halak da dala ake saye, ga yadda dala take. Ina mafita?

Tsohon hannu: Wa alaikumus salam. Ƙanena, wahalar banza kuke sha. Tun 2014 Microsoft ta saki Visual Studio Community kyauta. Ƙaramin kamfani zai iya sa har mutum 5 su yi aiki da shi, su kuma sayar da abin da suka rubuta. Babban kamfani a wurinsu shi ne mai kwamfuta sama da 250, ko wanda kuɗin shigarsa ya haura dala miliyan 1 a shekara. In kun kai nan, ai sai ku ba zaure goro.

Wata memba daga Zariya: Yallaɓai ka faɗi gaskiya, amma da sauran magana, kuma nan mutane ke tuntuɓe. Sharaɗin bai tsaya kan girmanku kaɗai ba. In wanda ya ba ku aikin babban kamfani ne bisa wancan ma'auni, 'yan kwangilarsa ba su da izinin gina masa manhajarsa da Community. Don haka fara tambayarsu girmansu. In manya ne, hanya biyu ce: ko ku yi rajistar Professional ta wata-wata iya tsawon aikin, ku sa kuɗin cikin farashin kwangilar, ko ku koma .NET SDK, wato ainihin kayan gina manhajar C# na Microsoft. Shi kwamfailan C# ɗin kansa, mai juya abin da kuka rubuta ya zama manhaja, yana cikinsa kuma kyauta ne, buɗaɗɗe, ba ruwansa da girman kowa. Abin da ake sayar muku shi ne ɗakin aikin da aka gina a kansa.

Mai tambaya: Hajiya Allah ya saka. Wallahi ban san da wannan ba. Na Java ɗin fa?

Ɗan Java: Malam, IntelliJ na da ɓangaren kyauta da aka yarda a yi aikin kuɗi da shi, kuma yana isar yawancin aiki. In ɗan'uwan sai ya sami cikakken, JetBrains, mai IntelliJ ɗin, biyan wata ko shekara take karɓa tun 2015, amma wanda ya biya wata 12 a jere yana riƙe wani tsohon zubi har abada ko ya daina biya. Inda nake so ku buɗe ido shi ne JDK, wato ainihin kayan gina manhajar Java. Tun 2023 Oracle, mai Java ɗin, ke lissafin kuɗin rajistar Java da adadin ma'aikatan kamfani gaba ɗaya, har da waɗanda ba su taɓa buɗe ta ba. Ku sauke OpenJDK, wato JDK na kyauta, misali Eclipse Temurin, ku huta.

Tsohon hannu: Ƙari ɗaya. Kada ku tsaya ga cire fasassun kawai, ku goge kwamfutocin ku sake zuba komai. A 2015 masu manhaja a Sin sun riƙa sauke Xcode na jabu, wato kayan rubuta manhajar iPhone, daga wasu shafuka saboda na Apple yana jinkirin sauka a can. Jabun ya dinga cusa muguwar lamba cikin duk abin da aka gina da shi, har WeChat ta shiga App Store da ita. XcodeGhost aka kira abin. Ku kuma bayanan ɗalibai da kuɗin mutane ne ke bi ta manhajarku.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Gobe zan kira su in ji adadin kwamfutocinsu, sannan mu gyara farashin.