Neman kalmar Hausa: me za mu kira fatishin na faifan kwamfuta?

Bazazzagi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Masu gyara a PZ da Samaru, nan Zariya, duk fatishin suke cewa idan suna nufin rabe-raben da ake yi wa faifan ajiya na kwamfuta, mai kaya kuma ya gyaɗa kai bai gane ba. Da an ce masa fatishin ɗinsa ya ɓata sai ya ɗauka komai ya tafi, ya yarda a yi masa fomatin, alhali aikinsa na nan kwance ko motsi bai yi ba. Ina neman kalmar da za ta faɗi gaskiyar abin da kanta. Ana jin rabo, kashi, ɗaki da ɓangare. Wacce za mu riƙe?

Injiniyan PZ:
Wa alaikumus salam. A fara ganin jaririn kafin a raɗa masa suna. A tsohon tsari, wato MBR, sekta ta farko a faifai (sekta ita ce ɗan ƙaramin awon da ake kasa faifai da shi) bayit 512 ce. A cikinta an ware bayit 64, aka yi gurbi huɗu, kowanne bayit 16. Abin da ke cikin gurbin kaɗan ne: ga sektar da wurin ya fara, ga yawan sektocinsa, ga irinsa. Shi ya sa MBR ba ya ɗaukar manyan fatishin fiye da huɗu, kuma lissafinsa kan tsaya a wajen terabayit 2. Sabon tsari, GPT, yakan ba da gurbi 128, ya kuma ajiye kwafin bayanin a can ƙarshen faifan. Ko ta wane tsari, babu bango a cikin faifai, lambobi ne kawai a rubuce. Don haka ban yarda da ɗaki ba. Wanda ya ji an rushe ɗaki zai zaci kayan ciki sun danne, a nan kuwa rubutun iyaka ne ya goge.

Malamar Kongo:
Injiniya ka sauƙaƙa mana. Rabo ma a ajiye shi, don kunnen Bahaushe gado ko sa'a yake fara ji, kuma babu mai son a ce masa rabonsa ya lalace. Kashi ya riga ya zama na lissafi, kashi 40 cikin 100, ga shi kuma a rubuce ba a nuna karin sauti, kowa ya san ɗaya ma'anar. Ɓangare muna buƙatarsa wajen kayan ƙarfe na cikin na'ura. Ni fegi nake kawowa. Fili ɗaya ne shimfiɗe, aka auna, aka rubuta daga nan zuwa nan na wane ne. Takarda ta ɓace, gida bai rushe ba, sai dai a rasa mai shaidar iyaka.

Dattijon Tudun Wada:
Malama, Allah ya ƙara basira. Hoton da kika zana daidai ne, ko tsohuwa a cikin gari za ta gane shi. Sai dai kalmar aiki tana son jam'i da fi'ili masu sauƙi a baki, fegi kuwa a nan yake ɗingishi. Ku duba yanki. Muna cewa an yanka filaye, kowa ya sami yankinsa. To, an yanka faifai gida biyu, yankin C da yankin D, yankuna biyu. Garin nan da ya fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 bai kamata ya kasa raɗa wa wannan suna ba. A rubuce mu ce yanki, wajen yi wa mai kaya bayani a kawo misalin fegi. Wancan bayanin na bayit 64 kuma mu kira shi takardar iyaka.

Injiniyan PZ:
Baba na karɓa, amma bari in ɗora mata kaya mu ga ko za ta ɗauka. Ɗalibi ya kawo faifan waje, digirinsa kaf a ciki, Windows ta nuna faifan fayau kamar sabo. Sai a ce masa takardar iyaka ce ta goge, yankin na nan. Yawanci abin da ke jawo haka shi ne kuskuren zaɓen faifai lokacin sa Windows, ko buga umarnin clean a diskpart, manhajar Windows ta yanka faifai, kan faifan da ba shi ake nufi ba.

Abu na farko, kada a rubuta komai a kansa, kada a ƙirƙiri sabon yanki. A samo wani faifai mai girmansa ko fiye, a kwafe shi sekta bayan sekta da manhajar ddrescue, a yi aiki kan kwafin. Sannan a buɗe manhajar TestDisk, kyauta ce. Tana bin faifan tana neman kan kowane yanki, domin NTFS, tsarin da Windows ke jera fayiloli da shi a cikin yanki, na da sektar farko mai alamarta, kuma tana ajiye kwafinta a sektar ƙarshe ta yankin. Idan ta nuna yanki, a danna P a ga sunayen fayiloli. Sai an ga nasa da ido, da sunayensu daidai, kafin a ba ta izinin rubuta sabuwar takarda. Masu gaggawa a nan suke ɓata aiki: su amince da tsohon yankin da aka goge shekarun baya, iyakarsa ta hau kan na yanzu.

'Yar Samaru:
Yaya Injiniya, kalmar ta ɗauki wannan, amma akwai ciwo na biyu da ake rikitawa da shi. Wani lokaci yankin na nan da harafinsa, sai dai Windows ta rubuta RAW, wato ba ta gane tsarin da ke cikinsa ba, ta ce sai an yi fomatin. Nan takardar iyaka lafiyarta lau. Abin da ya taɓu shi ne NTFS ko FAT32 ko exFAT da ke cikin yankin, galibi saboda an fizge filash ana cikin rubutu ko wuta ta ɗauke. Shi ma yana son suna, kuma ina ganin tsarin ajiya ya dace. Shi ke riƙe da rajistar da ke cewa fayil kaza sunansa kaza, yana zaune a wuri kaza. A NTFS rajistar ita ce MFT, kowane fayil da shafinsa, yawanci bayit 1024. FAT32 kuwa kwafi biyu na jadawalinta take ajiyewa, kuma ba ta karɓar fayil ɗaya da ya kai gigabayit 4, abin da ke sa masu ɗaukar bidiyon biki su zaci filash ɗin ne ya lalace.

Ina roƙon masu gyara su daina saurin buga chkdsk, manhajar Windows ta duba lafiyar faifai, kan faifan da ake son ceto kayansa. Aikinta daidaita rajista ne, kuma a hanyar daidaitawar tana iya yanke abin da ba ta gane ba. Idan rajistar ta tafi gaba ɗaya, manhajar PhotoRec na iya tsinto hotuna da takardu ta alamar da ke farkon kowane fayil, amma ba suna, ba jaka. A kwashe su zuwa wani faifan daban.

Malamar Kongo:
Tsarin ajiya ya zauna, rajista ma kowa ya san ta. Saura fomatin. Masu cewa an wanke faifai suna faɗin rabin gaskiya ne.

Injiniyan PZ:
Haka ne Malama, iri biyu ne. Na gaggawa sabuwar rajista kawai yake shimfiɗawa, yawancin kayan na nan har sai an rubuta wani abu a kansu. Cikakken kuwa, tun daga Windows Vista, sifili yake bi yana rubutawa ko'ina, wannan kam wanki ne na gaske. A kira na farko sabunta rajista, na biyu wankewa. Amma duk wannan sassaucin na faifai mai juyawa ne. A SSD, wato ma'ajiyar da ba ta da faifai mai juyawa a ciki, akwai TRIM, wanda ke sanar da na'urar wuraren da aka saki ta share su, don haka abin da aka goge a can da wuya ya dawo. Faifan da ke ƙwas-ƙwas kuma a kashe shi nan take, ciwonsa na ƙarfe ne, ba manhajar da za ta warkar da shi, kowane kunnawa ƙara kankare fuskarsa yake yi.

Bazazzagi:
Na gode muku, Baba Allah ya ƙara girma. Na rubuta yanki, takardar iyaka, tsarin ajiya, rajista, sabunta rajista da wankewa. Sekta na bar ta yadda take tukuna, don gurbi da ya fara zo mini a rai Injiniya ya riga ya ba wa layukan takardar iyaka. Mai wata shawara a kanta ya kawo.