Wata biyar hancina a toshe, me zan yi a gida wanda ba zai cutar da ni ba?

Maman Biyu:

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema. Yau wata biyar kenan ina fama da hanci, abin ya faro ne kamar murar da aka saba na ɗauka sati ɗaya zai wuce, to har yau shiru. Kullum a toshe, in na sunkuya zan ɗauki abu a ƙasa sai in ji kamar an ɗora min dutse a goshi da ƙasan idona, ga majina mai kauri tana gangarowa ta maƙogwaro musamman da asuba, ƙamshi ma ba na ji sosai, ranar nan abu ya ƙone a kan wuta ina tsaye a wajen sai 'yata ce ta faɗa min. Na je asibiti sau ɗaya aka ce sainos ne, wato ciwon kogunan da ke cikin ƙashin fuska, aka bani antibayotik na sati ɗaya, na ɗan ji dama-dama ya sake dawowa, na ƙara siyan irinsa da kaina har sau biyu ba wani canji.

Yanzu dai abin da nake yi, ina sirace safe da dare, sai maganin feshin nan mai buɗe hanci nan take, shi kam in ban fesa ba ba barci, na kai wata uku ina amfani da shi. Wata ƙawata ta ce in ɓare tafarnuwa in cusa a hanci na minti goma wai tana janyo majinar gaba ɗaya, wata kuma ta ce ruwan gishiri. Tsoro nake ji kar garin neman gira in rasa ido. Wanda ya taɓa yin wannan ciwon dan Allah me ya yi masa aiki, kuma me ke da haɗari?

Abu Hanan:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu, Allah ya baki lafiya. Ni kan feshin nan zan yi magana dan na san shi ciki da bai. Ki ɗauko kwalbar ki duba jikinta, in kin ga an rubuta oxymetazoline ko xylometazoline to wallahi ina kyautata zaton rabin toshewar da kike ji yanzu shi ne yake jawo ta. Aikinsa matse jijiyoyin jinin cikin hanci ne, sai naman ya sace iska ta wuce, in ya sake ki kuma naman ya kumbura fiye da da, sai ki sake fesawa, haka za ki yi ta zagaye. Shi ya sa a takardar cikin kwalin suke cewa kar a wuce 'yan kwanaki, wasu kwana 3 wasu har 7. Ni shekara ɗaya da wani abu na yi, kwalba a aljihu kwalba a ƙarƙashin filo, da farko sau biyu a rana daga baya sai da ta kai ina farkawa ƙarfe biyun dare ina lalube a duhu.

Yadda na rabu da shi, likita ya ce in daina fesa wa ƙofar hanci ɗaya in ci gaba da ɗayar, in waccan ta dawo daidai sai in daina duka, ya haɗa min da wani feshin daban mai siteroyid, wato maganin rage kumburi. Satin farko na sha wuya ba zan ɓoye miki ba, da baki nake numfashi maƙoshi ya bushe ƙamas, amma kafin sati uku na fara barci ba kwalba.

Ummu Sadiq:

Ni dai sirace yana min daɗi gaskiya ba zan ce a daina ba, amma dan girman Allah a kula da yara. Ɗana yana shekara huɗu na ajiye robar ruwan zafi a ƙasa na lulluɓa da tawul, ban san ya shigo ba, ya zo da gudu zai faɗa jikina ya ture robar, cinyarsa ta saɓule har yau tabon na nan. Tun daga ranar in zan yi sai na rufe ƙofa, ko kawai in shiga banɗaki in yi wanka da ruwa mai ɗumi in shaƙi tururin. Yaro kuma ko kusa ba na yi masa. Tafarnuwar nan ma na ga ana ta yi a TikTok ban gwada ba.

Anti Nas:

Sannu ƙanwata. A ɓangaren jinya nake aiki, zan ɗan tsawaita ki yi haƙuri. Duk ciwon sainos ɗin da ya kai sati 12 bai tafi ba ya zama wanda ya zauna, kuma shi wannan yawanci kumburi ne na fatar da ta shimfiɗe cikin hanci da kogunan da ke cikin ƙashin fuska, ba wai ƙwayar cuta ce kawai da za a kashe a huta ba. Kogunan nan kashi huɗu ne kowanne dama da hagu, akwai na kumatu, na goshi, na tsakanin idanu, da wanda ke can ciki bayan hanci, kowanne da 'yar ƙaramar ƙofa da majina ke fita ta nan. In ƙofar ta kumbura sai majinar ta taru ta yi kauri, nauyin da kike ji in kin sunkuya kenan. Shi ya sa kika sha antibayotik sau uku abu bai tafi ba, dan Allah ki daina siya da kanki, majina ta zama kore ko ruwan ɗorawa ma ba hujja ba ce cewa bakteriya ce, ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da cuta su ma suna canza mata kala.

A cikin duk abin da ake yi a gida, wanda likitoci suka tsaya a kai da gaske shi ne wanke hanci da ruwan gishiri, kuma wankewa nake nufi da ruwa mai yawa ba ɗiga-ɗiga ba. A 2016 an fitar da wani bincike da aka yi a Ingila kan masu irin wannan matsalar, waɗanda suka riƙa wanke hanci sun samu sauƙi, sirace kuwa bai rage komai ba sai ɗan ciwon kai. To Ummu Sadiq in yana miki daɗi ba laifi, amma ba shi ne maganin ba.

Ga yadda ake haɗawa: gishiri marar ayodin cokalin shayi 3, bekin soda cokalin shayi 1, ki gauraya a busasshiyar kwalba ki rufe. Duk lokacin da za ki wanke sai ki ɗebi cokalin shayi 1 daga ciki ki zuba a ruwa kofi ɗaya, kamar mililita 240. Akwai ma wanda ake sayarwa a ƙulle an riga an auna. Ki samu robar wanke hanci mai matsewa ko babban sirinji marar allura, ki sunkuya a kan sink ki karkata kai gefe, baki a buɗe kina numfashi ta nan, ki tura ruwan a hankali ta ƙofar da ke sama zai fito ta ɗayar, sai ki juya. Kina gamawa ki fyace a hankali, kar ki toshe hanci ki yi da ƙarfi, ruwa zai iya tafiya kunne.

Inda nake so ki buɗe kunne shi ne maganar ruwan. Kar ki kuskura ki ɗebo daga famfo ko rijiya ki zuba a hanci kai tsaye, ko da ruwan da kike sha ne lafiya lau. Ciki yana da asid da ke kashe abubuwa da yawa, hanci ba shi da shi, kuma rufin hanci dab yake da ƙwaƙwalwa. Akwai wata ƙwayar halitta da ake ce wa Naegleria fowleri mai rayuwa a ruwa mai ɗumi, in ta shiga ta hanci tana iya bin jijiyar jin ƙamshi ta hau ƙwaƙwalwa, kuma kusan duk wanda ta kama ba ya tashi. A 2011 mutum biyu suka mutu a jihar Luwiziyana ta Amurka bayan sun wanke hanci da ruwan famfo. Abin ba kasafai yake faruwa ba sam, amma rigakafinsa ba wuya, ki tafasa ruwan ya yi minti 3 zuwa 5 yana tafasa, ki bar shi ya huce ya zama ɗumi-ɗumi, ki rufe, in ya wuce awa 24 ki zubar ki dafa sabo. Robar ma a wanke ta bayan kowane amfani a bar ta ta bushe, kuma ba a aron ta.

Tafarnuwa kuwa a'a. Majinar da kike gani tana zuba bayan an cire ba daga kogon take ba, hancin ne tafarnuwar ta ƙona yake kare kansa, ga wadda ta taru a bayanta saboda an toshe hanya. Tana iya sa jini, ko ɓari ya karye ya maƙale a ciki sai an je an ciro. Haka ruwan lemun tsami ko khal ko man da ake shafawa a ƙirji mai sanyin nan, duk ba na cikin hanci ba ne, shi mai sanyin ma ji kawai kike kamar iska na wucewa amma bai buɗe komai ba. Tawul mai ɗumi a kan fuska, shan ruwa, ɗaga kai da filo biyu, nisantar hayaƙin sigari da ƙura da turare mai ƙarfi, waɗannan ba su da illa.

Malam Ɗan Tsakiya:

Abin da Anti ta faɗa haka yake. Ƙari ɗaya, a duba haƙori. Ni nawa ɓangaren hagu ne kawai kuma majinar da wari, ashe turmina na sama ne ya ruɓe, saiwarsa tana dab da kogon kumatu, ana gyara haƙorin hancin ya lafa.

Maman Biyu:

Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Na duba kwalbar xylometazoline ne wallahi, jikina har ya yi sanyi. Jiya da daddare na gwada ruwan gishirin da dafaffen ruwa amma ya min zafi sosai har hawaye, kuma kunnena na dama ya ɗan toshe, ko ban yi daidai ba ne? Sannan Anti ina da hawan jini da 'yar asma tun ina budurwa, akwai matsala? Kuma in wankin ya karɓe ni sai na koma asibiti dole?

Anti Nas:

Zafin nan yawanci gishiri ne ya yi yawa ko kuma ba ki sa bekin soda ba, ko ruwan ya yi sanyi, ki rage garin zuwa rabin cokali ki gani. Kunnen kuma kin matsa da ƙarfi ne ko kin fyace da ƙarfi, ki sassauta hannu, in kunnen na ciwo ki dakata har a duba shi.

Tunda kin ambaci hawan jini, ki guji ƙwayoyin mura masu pseudoephedrine a ciki, suna ɗaga jini, shi kansa feshin da kike yi ba a son mai hawan jini ya daɗe a kansa. Asma kuma ga rashin jin ƙamshi, wannan ne ma ya sa zan ce eh dole ki koma, wajen likitan kunne da hanci da maƙogwaro in da hali, ya leƙa da 'yar kyamara ya ga ko akwai tsiron nama a ciki, dan su ukun nan suna yawan tafiya tare, kuma wasu masu irin haka asfirin da ibuprofen suna tayar musu da asma sosai, in kin taɓa lura ƙirjinki na riƙewa bayan kin sha su ki faɗa masa. Ki tafi da kwalbar feshin a jaka ki nuna masa, ki faɗi wata nawa kika yi a kai ba ragi. Mai yiwuwa ya rubuta miki feshin siteroyid kamar fluticasone ko mometasone, shi ba ya buɗewa nan take sai an yi kwanaki ko ma makonni ana yi kullum, mutane da yawa a nan suke yar da shi su ce ba ya aiki. Ki fara wankewa sannan ki fesa, kuma ki karkata bakin kwalbar wajen kunne, ba wajen bangon tsakiyar hanci ba, dan kar ya sa miki haɓo.

Amma in kin wayi gari fatar ido ta kumbura ko ta yi ja, ko kina ganin abu bibbiyu, ko ciwon kai mai tsanani da zazzaɓi mai zafi, ko wuya ya sanƙare, ko goshi ya kumbura, wannan ba na jiran ranar ganin likita ba ne, a tafi asibiti a lokacin ko da tsakar dare ne. Haka mai ciwon suga in ya ga baƙin ɓawo a cikin hanci ko gefen fuska ya mutu ba ya ji.

Abu Hanan:

Maman Biyu ki fara da ƙofar da ta fi buɗewa, ita za ki fara hana wa feshin, ni da hagu na fara. Daren farko da na biyu su ne masu wuya, ki ajiye ruwa kusa da gado saboda bushewar maƙoshi. Allah ya sawwaƙe.