Kuɗin wuta ya ninka a watan zafin nan, mita ce ko AC?

Maman Biyu:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin harkar wuta ku warware min wani abu, don ya fara haɗa ni musu da maigida. Watan jiya mun sha yunit 550. Wannan watan da zafi ya tsananta, takarda ta zo da 950, kuɗin kuwa ya haura ninki biyu. Ko lissafin ma bai hau ba, yunit bai kai ninki ba amma kuɗi ya wuce.

Ba mu ƙara ko allura a kayan wuta ba. AC biyu ne masu ƙarfin doki ɗaya da rabi, ɗaya a ɗakinmu, ɗaya a ɗakin surukata, tsohuwa ce mai hawan jini. Yadda muke kunna su da, haka muke yi yanzu, daga dare zuwa safe, wajen awa goma. A kan digiri 16 muke barinsu, don a bene na ƙarshe muke, tagar ɗakinmu tana kallon yamma, ƙarfe goma sha biyun dare in ka dafa bango sai ka ji da ɗumi. Sai firiji, firiza, fankoki da talabijin. Maigida ya dage mita ce take gudu, a je a kai ƙara. Ni kuma ina zargin yara da buɗe firiji ba dare ba rana. Wa ke da gaskiya?

Mai Gyaran Sanyi:

Wa alaikumus salam Hajiya. Ruwa ba ya tsami banza, amma ina ganin daga mitar har yaran ba su da laifin da ya kai haka. Awa goman da kike ƙirgawa ita ce ta rufe miki ido. Ba kunnawar AC ke cin wuta ba, kwampireso ne, wancan da ke cikin akwatin waje. In ɗaki ya kai sanyin da aka sa a rimot sai ya tsaya ya huta, fankar ciki kaɗai ke juyawa. A zafi na daidai zai iya hutawa rabin dare. To yanzu bango da silin sun wuni suna shan rana, da dare suna amayar da zafin cikin ɗaki, ke kuma kin ce masa sai 16. Ba zai taɓa kaiwa ba, saboda haka babu hutu har gari ya waye.

Mu yi lissafi. Irin naku yana jan wajen wat 1,200, yunit ɗaya kuwa wat 1,000 ne na tsawon awa guda. In ya yi awa goma cur, yunit 12 ke nan. In ya huta rabi, 6. Bambancin 6 a dare ɗaya, sau AC biyu, sau kwana 30, ya ba da 360. Ƙarin da kika gani 400 ne. Ragowar ki neme shi a wurin firiji da firiza, su ma in kicin ya ɗau zafi ba sa samun sararin hutawa.

Kuma sa 16 ba ya sa ɗaki ya yi saurin sanyi, musamman a AC marar inbata, wato wanda kwampiresonsa gudu ɗaya yake yi, ko ya tashi ko ya tsaya. Iskar da yake fitarwa ɗaya ce, lambar tana gaya masa lokacin tsayawa ne kawai. Hukumar kula da tattalin makamashi ta Indiya ta ƙiyasta cewa kowane digiri ɗaya da aka ɗaga yana rage kusan kashi 6 cikin ɗari na wutar da ake ci, shi ya sa tun 2020 sababbin AC a can suke zuwa a saite kan 24.

Ɗan Lissafi:

Batun kuɗin da ya fi yunit gudu, duba bayan takardar ko ƙasanta. Kamfanonin wuta da yawa farashinsu hawa-hawa ne: yunit na farko-farko da sauƙi, in ka ƙetare wani adadi sai ragowar ya koma farashi mai tsada. Wasu kuma suna tsawwala kuɗin awannin da kowa ke jan wuta lokaci guda, yawanci daga la'asar zuwa farkon dare. Ki kuma duba ko karanta mitar aka yi ko ƙiyasi, da yawan kwanakin da takardar ta ƙunsa. Wani lokacin ƙiyasin baya ne ya yi ƙasa, sai a haɗa cikon a wata guda.

Ba Na Yarda:

Ni dai ina bayan maigidanki. Kullum sai a ce laifin mai gida ne, kamar mita ba ta lalacewa. A gwada ta tukuna kafin a hana mutane barci cikin sanyi.

Mai Gyaran Sanyi:

Gwajin ba wuya, Malam, ba sai an kira kowa ba. A kashe komai na gidan a soket, har firiji, a je gaban mitar. Akwai 'yar jar fitila da ke ƙiftawa, in ta ci gaba da ƙiftawa babu abin da ke kunne, to akwai magana, ko wayar wani ta shiga layinku ko wuta na zurarewa. In ta tsaya, a karanta lambar da aka rubuta kusa da ita. In 1000 ce, duk ƙiftawa dubu yunit ɗaya ne. A kunna AC ɗaya, a jira kwampireso ya tashi, a ƙirga na minti guda. Wajen ashirin ya kamata a samu. In aka samu arba'in, ni ma zan raka ku kai ƙarar.

Anti Nas:

Ƙanwata, duk tsimin da za a yi kada a fara da ɗakin Mama. Tsofaffi ba sa jin ƙishirwa da wuri, gumi ma ba ya fita musu kamar na matasa, wasu magungunan hawan jini kuma suna ƙara rage ruwan jiki. Zafin da ya afka wa Turai a 2003 ya kashe mutum kusan 70,000, akasarinsu tsofaffi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a sa AC a kan 27 a haɗa da fanka, jiki zai ji kamar an rage digiri huɗu. Fankar silin wajen wat 75 take ja, wato AC ɗaya ya kai fanka goma sha shida. Amma fanka ita kaɗai in ɗaki ya haura digiri 40 ba ta da amfani, iska mai zafi take watsa wa mutum. Ki ajiye mata ruwa a inda hannunta zai kai.

Maman Biyu:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mun yi gwajin da maigida, shi ya riƙe agogo ni ina ƙirga. Da muka kashe komai fitilar ta tsaya cak. AC na ɗakin Mama ya ba da 21, namu 26, alhali iri ɗaya ne, rana ɗaya aka saye su. Takardar ma na duba, hawa uku ne, yawancin ƙarin a hawan ƙarshe ya faɗa. Na mayar da su 25 da fanka, maigida yana ta gunaguni amma minsharinsa ya riga nawa. Me zai sa namu ya fi ci? Akwatinsa na waje yana kan baranda ta yamma, an jingina masa tsohuwar katifa da kwalaye.

Mai Gyaran Sanyi:

Ga amsar nan kin faɗa da bakinki, Hajiya. Ta akwatin nan yake zubar da zafin ɗakin, in an toshe shi sai ya riƙa shaƙar iskar da ya fitar, kwampireso ya yi ta wahala. A kwashe katifar yau, a bar masa fili ta kowane gefe. A kashe wutarsa a wanke ƙarafunan bayan da ruwa a hankali, kada a lanƙwasa su. Na ciki kuma a ɗaga murfin a zaro ragar, in ta yi baƙi da ƙura a wanke a shanya, duk bayan mako biyu a lokacin zafi. Tagar yamman a sa mata labule mai kauri tun azahar, in da hali rumfa daga waje ta fi, don in rana ta riga ta ratsa gilashi zafin ya shigo. Bayan nan ku sake ƙirgawa. In bai sauko ba, a kira mai gyara ya auna gas da kafasita, wato 'yar na'urar da ke taimaka wa kwampireso tashi, amma kada ki yarda a ce za a ƙara gas ba tare da an nuna miki inda yake yoyo ba.