Abin da aka ce kan cin abinci da tsinkayen Sinawa

Da aka tattauna kan kuaizi, tsinkayen cin abincin Sinawa da yanzu suka cika gidajen abinci har a Landan da Faris, yawancin waɗanda suka yi magana sun ce sabon shiga ya fara da na gora, don na ƙarfen Koriya santsi gare su. Guda biyu ake riƙewa a hannu ɗaya: tsinken ƙasa ya zauna daram a gindin babban yatsa, na sama kaɗai ke motsi, kamar riƙon biro.

Inda aka fi jan kunne: kada a kafa su tsaye cikin shinkafa, don sun yi kama da turaren da ake kunna wa mamaci. Ƙwanƙwasa kwano da su kuma aikin mabarata ne. Wasu sun ce a koya da tsintar gyaɗa. Ni dai ina ganin wannan mugunta ce, yankan nama ya fi sauƙin kamawa.